Idan Silayid Ɗinka Ya Faɗi Komai, Kai Me Ka Zo Yi?

Kwanakin baya na raka wani ƙanena ranar da zai kare aikin bincikensa na kammala digiri. Da yake ni ɗan rakiya ne, sai na samu kujera can layin baya kusa da taga. Ɗaliban sun kai ashirin, kowa an ba shi minti goma. Kafin a zo kan mutum na biyar na riga na haddace yadda abin zai kasance: ɗalibi zai fito, ya gaida malamai, ya juya musu ƙeya, ya fuskanci bangon da majigi ke haskawa, sannan ya fara karantawa kalma bayan kalma. Abin da ke jikin bangon kuwa babin farko ne na kundin binciken, an kwafo shi ɗungurungum an liƙa, an ƙanƙance haruffa don ya samu wurin shiga. Daga inda nake zaune, ba na ganin komai sai kamar jerin tururuwa a kan farin ƙyalle.

Akwai wani yaro a cikinsu da ya yi aiki a kan ruwan rijiyoyin unguwarsu. Ƙanena ya gaya mini irin wahalar da ya sha: ya bi gida-gida yana ɗibar ruwa, ya kai ɗakin gwaji da kuɗin aljihunsa. Amma minti gomansa suka ƙare yana kan shimfiɗa da manufofin bincike. Malamin da ke jagorantar zaman ya duba agogo ya ce, "To, lokacinka ya cika. A taƙaice, me ka gano?" Sai yaron ya shiga latsa maɓalli yana wuce shafuka, gumi na keto masa. Amsar tana nan, amma can wajen ƙarshe, a layin ƙasa, cikin ƙananan haruffa. Aikin wata shida ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga kunnen kowa ba.

Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne: yawancinmu muna shirya silayid ne don kanmu, don kada mu manta abin da za mu faɗa, alhali na masu sauraro ne. Duk wata matsala da ake gani, daga cunkoson rubutu zuwa ƙananan haruffa da juya wa mutane baya, daga wannan kuskuren guda ɗaya take fitowa. Idan ka gyara shi, sauran za su gyaru ko da a wayar hannu kake aikin, ko da ba ka taɓa biyan kuɗin wata manhaja ba.

Ranar da aka binne gargaɗi a ƙasan shafi

Wani zai ce ai wannan magana ce ta ado kawai, in dai bayanin yana ciki ai shi ke nan. Bari in kawo misalin da ya nuna ba haka ba ne.

Ranar 16 ga Janairun 2003 kumbon Columbia na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya tashi daga jihar Florida ɗauke da mutum bakwai. Kimanin daƙiƙa 82 da tashinsa, wani guntun soson da aka lulluɓe tankin mai da shi ya ɓalle ya daki fuffukensa na hagu. Kyamarori sun ɗauki abin. Yayin da kumbon ke can sama yana zagaye duniya, injiniyoyin kamfanin Boeing suka nazarci lamarin, suka gabatar wa shugabannin NASA sakamakon ta hanyar silayid na PowerPoint.

Ɗaya daga cikin waɗannan shafuka ya yi suna daga baya, bayan da Edward Tufte, masani kan yadda ake gabatar da bayanai kuma tsohon malami a Jami'ar Yale, ya warware shi layi-layi. Taken da ke saman shafin, cikin manyan haruffa, mai kwantar da hankali ne: yana nuna cewa lissafin da ake amfani da shi yakan ma zuzuta ɓarnar da irin wannan duka ke yi. Amma can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, a ƙarƙashin ɗigo na ƙarƙashin wani ɗigon, an rubuta cewa abin da ya faru ya yi nisa ƙwarai da abin da aka taɓa gwadawa. Soson da aka yi gwaji da shi girmansa inci 3 ne na murabba'in cika, wanda ya daki kumbon kuwa an ƙiyasta shi a 1,920. Wato ya ninka shi sau 640. Ma'anar wannan a fili take: gwajin da aka dogara da shi ba zai iya ba da tabbacin komai ba. Sai dai wannan magana, wadda ita ce ya kamata ta hau saman shafi, ita aka tura ƙasa.

Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a sararin jihar Texas yana kan hanyar dawowa, dukkan mutanen bakwai suka mutu. Kwamitin da ya binciki hatsarin, a rahotonsa na watan Agustan 2003, ya ambaci wannan shafi, ya kuma soki yadda al'adar amfani da silayid ta maye gurbin rubuta cikakken rahoton fasaha a NASA.

Ba ina cewa silayid ne ya kashe su ba. Soso ne ya huda fuffuke, kuma kwamitin ya ɗora babban laifi a kan yadda hukumar ta saba da ganin irin wannan ɓallewar har ta daina ɗaukarta da muhimmanci. Amma darasin da ya shafe mu shi ne: bayani yana iya kasancewa a kan shafi kuma bai isa ga kowa ba. Mai sauraro yana karanta babban rubutu ya ɗauka shi ne saƙon. Abin da ka sa a ƙarami, ka gaya masa ke nan cewa ba shi da muhimmanci. Yaron rijiyoyi da injiniyoyin Boeing kuskure iri ɗaya suka yi, bambancin kawai girman abin da aka rasa.

Kunne da ido ba sa karatu biyu a lokaci ɗaya

Ka taɓa gwada karanta saƙon WhatsApp mai tsawo alhali wani yana ba ka labari? Ɗaya dole ya zube. Ko ka fahimci saƙon ka ce wa mai maganar "me ka ce?", ko ka saurare shi ka sake karanta saƙon daga farko. Haka kake yi wa mutane idan ka cika allo da rubutu kuma kana magana.

Masana sun daɗe da nazarin wannan. John Sweller na ƙasar Ostareliya ya bayyana tun a shekarar 1988 cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe sabon bayani na ɗan lokaci ƙarami ne, kuma idan aka yi masa lodi fiye da kima koyo yakan tsaya. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje a kan koyarwa da hoto da murya, ya nuna cewa mutane sun fi fahimta idan aka haɗa musu zane da bayanin baki, fiye da idan aka ƙara musu da rubutun kalmomin da ake faɗa ɗin a kan allo. Dalili kuwa shi ne rubutu da magana duk harshe ne, suna rububin hanya ɗaya a ƙwaƙwalwa. Hoto kuwa hanyarsa daban.

Ga wani ƙarin abu: mutum ya fi saurin karatu da ido a kan yadda kai za ka furta da baki. Kana layi na biyu, shi ya riga ya kai na takwas. Ya gama, ya san inda za ka, sai ya zaro wayarsa. Ba rashin kunya ba ne, kai ne ka sallame shi. Idan shafin ya riga ya faɗi komai, zamanka a gaban mutane ba shi da sauran amfani, da ka tura musu a waya kowa ya karanta a gida.

Take shi ne saƙo

Idan abu ɗaya za ka ɗauka daga wannan rubutu, to ka ɗauki wannan: taken kowane shafi ya zama cikakkiyar jimla mai faɗin abin da kake so a yarda da shi. Mun saba da take irin su "Sakamako", "Matsaloli", "Kasuwarmu", "Shawarwari". Waɗannan sunayen akwati ne kawai, ba su gaya wa kowa abin da ke ciki ba.

Ɗauki misalin yaron nan. Maimakon ya rubuta "Sakamakon Gwaji", da ya rubuta "Rijiyoyin da ke kusa da masai sun fi sauran gurɓata". A ƙarƙashi kuma ya sa zane guda ɗaya mai sanduna biyu, ɗaya doguwa ɗaya gajeriya. Malamin da ya ɗago kai daga takardunsa na daƙiƙa uku ya samu saƙon. Idan kana neman jari don sana'ar ɗinki, kada ka rubuta "Ƙalubale". Rubuta "Rashin wuta ne ke sa muke mayar da aikin Sallah". Idan ƙungiyarku ta matasa za ta gana da masu unguwa, kada ku rubuta "Halin da ake ciki". Ku rubuta "Kwalbatin bakin kasuwa ce ke jawo ambaliyar layinmu".

Wannan tsari ba ni na ƙirƙiro shi ba. Michael Alley na Jami'ar Jihar Pennsylvania ya daɗe yana koya wa ɗaliban injiniya shi: jimla a sama mai ɗauke da iƙirari, hujja a ƙasa da ido zai iya gani, wato hoto ko zane ko taswira. Abin da nake so da shi shi ne yana tona asirin mai gabatarwa tun yana gida. Idan ka kasa rubuta jimlar, to ba ka san abin da shafin yake son faɗa ba, kuma wataƙila bai kamata ya kasance a wurin ba. Idan kuma jimlar ta zama biyu da "kuma" a tsakaninsu, shafi biyu ne ka cusa a ɗaya, raba su.

Ga gwajin da za ka yi bayan ka gama: karanta taken shafukanka kaɗai, daga na farko zuwa na ƙarshe, ba tare da duba abin da ke ƙasa ba. Idan sun ba da labari mai kai da gindi, aikinka ya tsayu. Idan abin da ka ji shi ne "Gabatarwa, Manufa, Hanya, Sakamako, Kammalawa", to har yanzu ba ka faɗi komai ba.

Kuma ka kawo abin da ka gano da wuri. Mun gaji al'adar doguwar shimfiɗa, kuma a zaman gaisuwa tana da kyau. Amma idan minti goma aka ba ka, shimfiɗar da ta ci minti bakwai ta cinye maka tuwon. A shafi na biyu ko na uku ka faɗi inda ka dosa, sauran lokacin ka kawo hujja.

Wayarka ita ce kujerar baya

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi a waya suke haɗa silayid, da Canva ko Google Slides ko WPS Office ko manhajar PowerPoint ta waya. Wasu na ganin wannan nakasu ne, suna jiran ranar da za su sayi laftof. Ni a ganina akwai wata riba a ciki da mai laftof ba shi da ita.

Yi wannan lissafin. Idan ka kwantar da waya, tsayin fuskarta kusan santimita 7 ne. Idan ka miƙe hannunka, tsakanin idonka da wayar kusan santimita 60 ne. Wato nisan ya ninka tsayin allon sau takwas da wani abu. Yanzu ɗauki zauren da hoton majigi ke da tsayin mita ɗaya da rabi, mutumin baya kuma yana nisan mita 12. Shi ma sau takwas ne. Ma'ana, abin da kake gani a wayarka idan ka miƙe hannu, kusan shi ne abin da na kujerar baya zai gani. Don haka buɗe shafin ya cika fuskar waya, miƙe hannunka, kada ka ja da yatsu don ƙara girma. Duk abin da ka kasa karantawa, ko ka ƙara masa girma ko ka cire shi. Mai laftof yana zaune dab da babban allo, komai yana masa kyau, sai ya je zaure ya ji kunya.

Guy Kawasaki, tsohon ma'aikacin kamfanin Apple da ya koma harkar zuba jari, ya yi suna da wata ƙa'ida da ya ba masu neman jari: shafi 10, minti 20, haruffa kada su gaza girman 30. Ba dole ne ka bi lambobin kamar karatun allo ba, amma ta ƙarshen tana da hikima. Idan ka tilasta wa kanka manyan haruffa, wuri zai ƙare maka, dole ka zaɓi abin da ya fi muhimmanci. Ƙarancin wuri shi ke koya wa mutum tace magana.

Haka batun launi. Fuskar waya tana da haske da kaifi, rubutu ruwan toka a kan shuɗi yana fita tas. Majigin da ya tsufa, a ajin da tagoginsa ba labule da tsakar rana, zai wanke wannan launin ya bar ka da hazo. A irin wannan wuri baƙin rubutu a kan farin shafi ya fi komai aminci. Kada kuma ka dogara da ja da kore kaɗai don bambanta abu biyu a zane, domin akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe su sosai, kuma an fi samun haka a cikin maza. Rubuta sunan kowane layi a jikinsa.

Hujjojin masu cika shafi

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi.

Na farko zai ce, "Idan ban rubuta ba zan manta, tsoro yana kama ni a gaban mutane." Wannan gaskiya ce, kuma ba abin dariya ba ne. Amma maganinta ba shi ne ka ɗora wa mutum hamsin takardar tunatarwarka ba. Manhajojin nan suna da wurin rubuta bayanin mai magana a ƙarƙashin kowane shafi, wanda kai kaɗai za ka gani. Idan ba ka yarda da na'ura ba, rubuta kalmomi uku-uku a ƙaramar takarda ka riƙe. Mafi inganci kuma, ka yi gwaji da babbar murya sau uku kafin ranar, ka ɗauki kanka a waya, ka saurara kana duba agogo. Za ka ji inda kake in-ina da inda kake ɓata lokaci. Mai kallon bango yana karatu tsoronsa ba ya raguwa, ɓoye shi kawai yake yi, kuma tambaya ta farko za ta tona shi.

Na biyu zai ce, "Ai bayan taro za a ce in tura a guruf, wanda bai zo ba ya karanta. Idan hoto ne kawai ba zai gane ba." Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma amsarta ita ce: abu biyu kake buƙata. Abin karantawa daban, abin haskawa daban. Idan ka nemi abu ɗaya ya yi aikin biyu, zai yi wa zaure yawa, ya yi wa mai karatu kaɗan, domin guntayen jimloli masu ɗigo a gaba ba sa nuna yadda wannan ya jawo wancan. A shekarar 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan shugabannin Amazon. Ya maye gurbinsa da rubutaccen bayani da bai wuce shafi shida ba, wanda kowa ke karantawa shiru a farkon zama kafin a fara tattaunawa. Hujjarsa ita ce cikakkun jimloli suna tilasta wa marubuci ya yi tunani, jerin ɗigo kuwa yana ba shi damar tsallake wuraren da bai fahimta ba. Kai ma rubuta shafi ɗaya ko biyu na cikakken bayani, ka mayar da shi PDF, shi za ka tura a guruf.

Na uku zai ce, "Malamanmu haka suke so. Idan suka ga shafi ba rubutu za su ce ba ka yi aiki ba." Akwai wuraren da aka gindaya tsari, kuma ba zan ce ka yi jayayya da wanda makinka ke hannunsa ba. Idan an ce dole a ga manufofi da hanyar bincike, sa su. Amma ba a taɓa hana ka mayar da take jimla ba, ba a kuma ce ka kwafo sakin layi uku ba. Kundin yana gaban malamai, sun riga sun gani. Abin da suke nema a zaman shi ne su tabbatar kai ka yi aikin kuma ka fahimce shi. Wanda ya kalle su ido da ido ya yi bayanin zane ɗaya ya fi tabbatar da haka a kan wanda ya karanta shafi talatin. Sauran jadawalai masu yawan lambobi ka ajiye su bayan shafin ƙarshe. Idan aka yi tambaya ka buɗo, a nan ne za a san ka shirya.

Na huɗu zai ce, "Wannan salon na 'yan talla ne. Steve Jobs waya yake sayarwa, ni kuwa ilimi mai zurfi nake gabatarwa." Gaskiya ne cewa lokacin da Jobs ya gabatar da iPhone ranar 9 ga Janairun 2007 a San Francisco, shafukansa kusan hoto ne da 'yan kalmomi. Amma sauƙi ba ya nufin rashin bayani. Hans Rosling, likita kuma malamin lafiyar al'umma ɗan ƙasar Suwidin, ya tsaya a dandalin TED a 2006 da zane mai ɗauke da alƙaluman ƙasashen duniya na shekaru da dama: yawan haihuwa da tsawon rai, kowace ƙasa da ƙwallonta mai motsi. Bayanin da ke cikin zanen ya fi na kowane jerin ɗigo yawa. Abin da ya sa aka fahimta shi ne ya fara gaya wa mutane abin da kowane gefe na zanen ke nufi, sannan ya nuna musu inda za su kalla. Yawan bayani ba laifi ba ne idan tambaya ɗaya yake amsawa. Kishiyar wannan shi ne shafin da aka nuna wa Janar Stanley McChrystal a Kabul a 2009, mai ƙoƙarin bayyana yaƙin Afganistan da ɗaruruwan kibiyoyi da suka sarƙe kamar taliya. An ruwaito ya yi barkwanci cewa ranar da suka fahimci shafin, ranar sun ci yaƙin.

Manhaja ba za ta yi maka tunani ba

Yanzu an shigo zamanin da za ka rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira layi ɗaya, ta zubo maka shafi goma sha biyu masu launi da hotuna kafin ka kurɓi shayi. Ina amfani da irinsu, kuma suna rage wahalar jera abubuwa. Amma ka lura da abin da suke bayarwa idan ba ka ba su komai ba: take irin na akwati, ɗigo uku-uku a kowane shafi, hoton wasu mutane suna murmushi a ofishin da ba ka taɓa shiga ba. Kyau yana nan, saƙo babu. Manhajar ba ta je rijiyoyin unguwarku ba, ba ta san wane ne zai zauna a gabanka ba, ba ta san abin da kake so ya yi bayan ya tashi ba.

Tun asali haka abin yake. Robert Gaskins da Dennis Austin sun fito da PowerPoint a 1987 a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought, a shekarar kuma Microsoft ya sayi kamfanin a kan dala miliyan 14. Aikin manhajar shi ne sauƙaƙa haɗa abin haskawa, kuma ta yi. Sai dai duk lokacin da haɗa shafi ya ƙara sauƙi, jarabar fara haɗawa kafin a yi tunani ma tana ƙaruwa. Shi ya sa nake ba da shawarar ka fara da biro da takarda. Rubuta amsar tambaya uku: su wa zan yi wa magana, wane abu ɗaya nake so su tafi da shi, me nake so su yi bayan haka? Sannan jera jimlolin take. Sai ka gama wannan za ka buɗe manhaja. Hoto kuma, wanda ka ɗauka da wayarka na ainihin rijiyar ko shagon ko kwalbatin ya fi duk wanda za ka sauko da shi daga intanet, domin shi hujja ne.

Kafin ka fita daga gida

Akwai 'yan abubuwan da ke kayar da mutane a ranar, ko da sun shirya da kyau. Ka adana kwafi a matsayin PDF, domin salon rubutun da ka zaɓa a Canva ba lallai ne ya kasance a kwamfutar zauren ba, sai ka ga layuka sun hau juna. Idan da Hausa ka rubuta, duba haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin wasu salon rubutun ba su da su, sai su fito da ɗan akwati a wurinsu ko su canza kama a tsakiyar kalma. PDF yana maganin wannan ma. Ka sa fayil ɗin a filash da kuma cikin wayarka, kada ka dogara da cewa za a samu intanet a wurin. Ka rage motsi da walƙiyar shafuka, ba sa ƙara wa hujja nauyi. Idan za ka iya, je wurin da wuri ka haska shafi ɗaya, ka taka zuwa kujerar baya ka duba da idonka.

Sannan ka shirya wa ɗaukewar wuta. Duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya ga ranar da majigi ya mutu ana tsakiyar bayani, aka tsaya jiran a tada janareta. A wannan lokacin ne ake gane wanda ya zo da magana da wanda ya zo da fayil. Na biyun yakan tsaya yana kallon bango kamar zai dawo da wutar da ido. Na farkon yakan ci gaba, domin jimlolinsa goma suna kansa, kuma allon dama taimako ne yake yi masa.

Da muka fito daga zauren ran nan, na ga yaron rijiyoyi a gindin bishiya yana yi wa abokansa bayanin abin da ya gano. Ba majigi, ba takarda. Yana nuna nisan masai da rijiya da hannunsa, yana faɗin gidajen da ya shiga da abin da matan gidan suka gaya masa game da ciwon cikin yara. Cikin minti biyu na fahimci aikinsa gaba ɗaya, har na ji ina son in tambaye shi me za a yi a kai. Da wannan bayanin ya shiga da shi ciki, da zane ɗaya a bayansa, da malamin bai tambaye shi me ya gano ba.